Yadda Ake Ɗaukar Bidiyo a Kan Keke da Kyamara Mai Araha

Ƙananan kyamarorin nan da ake maƙalawa a jiki ko a kan abin hawa sun wadata tun bayan da kamfanin GoPro ya buɗe hanya, sannan kamfanoni irin su SJCAM da Akaso suka shiga fitar da nasu da sauƙin kuɗi. An ce araha ba ta ado, kuma babu mai musun cewa kyamara mai tsada ta fi iya ɗaukar hoto a duhu, ta kuma fi iya danne girgiza. Sai dai yawancin bidiyon keke da ke fitowa a lalace ba kyamarar ce ta lalata su ba. Inda aka ɗaure ta, da katin memori da aka sa mata, da saitin da aka bar ta a kai, su ne suke yanke hukunci, kuma dukansu ukun suna hannun mai keken ne, ba sa buƙatar ƙarin kuɗi mai yawa.

Kafin ka sayi komai, ka tsayar da abin da kake son bidiyon ya yi maka, domin buƙata biyu ce ke sa mai keke ya ɗauki kyamara, kuma ba tsari ɗaya suke so ba. Wani yana son shaida ne, wato idan mota ta matse shi ko ta buge shi a samu abin da zai nuna yadda lamarin ya faru. Shi wannan yana buƙatar kyamarar da za ta yi aiki daga fitarsa har dawowarsa ba tare da ya taɓa ta ba, wadda lambar mota ke karantuwa a hotonta. Wani kuma yana son ya adana tafiyarsa ne, ya nuna wa mutane hanyar da ya bi da abin da ya gani, don haka kyan hoto da rashin girgiza sun fi damunsa fiye da tsawon ɗauka. Wanda bai raba waɗannan biyun a ransa ba yakan ƙare da bidiyon da bai isa shaida ba, kuma ba ya daɗin kallo.

Abin da za a duba wajen saye

Kada rubutun da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Kyamarori masu araha da yawa suna ɗauke da tambarin 4K, alhali idonsu ba ya ɗaukar ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye da gaske. Ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗa shi, sai fayil ya yi nauyi ba tare da hoton ya ƙara fitowa ba. Abin da ya kamata ka tabbatar shi ne kyamarar tana ɗaukar 1080p, wato ɗigo 1920 da 1080, a kan hotuna 60 cikin daƙiƙa ɗaya. Bayan wannan sai ka duba ko tana da tsarin rage girgiza, wanda a cikin saiti akan rubuta EIS, ko ana iya cire batirinta a sa wani, ko tana ci gaba da ɗauka yayin da take caji, da kuma ko tana iya ɗauka a zagaye, wato ta riƙa goge tsohon bidiyo tana ɗora sabo idan kati ya cika. Hanya mafi inganci ta sanin gaskiyar kyamara ita ce ka nemi bidiyon da masu keke na gama-gari suka ɗauka da ita a hanya mai gargada, ba wanda kamfanin ya shirya don talla ba.

Wasu kan ce ai wayar da ke aljihu ta isa. A ganina ɗaure waya a kan keke don ɗaukar dogon bidiyo ba dabara ba ce. Tana zafi a rana, cajin da za ka buƙata idan wani abu ya faru yana ƙarewa, kuma idan ta faɗi asarar ta fi ta kyamara. Ko kamfanin Apple ya yi gargaɗi a 2021 cewa jijjiga mai ƙarfi irin ta injin babur na iya lalata na'urar daidaita hoto da ke cikin kyamarar wayoyinsa. Jijjigar keke ba ta kai wannan ba, amma gargaɗin ya isa ya nuna cewa ba don wannan aiki aka ƙera waya ba.

Ɗaure kyamara

A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. Idon irin waɗannan kyamarori ba ya ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi yake karantawa daga sama zuwa ƙasa cikin sauri. Idan kyamarar ta motsa kafin ya gama karanta hoto guda, sai layin sama da na ƙasa su saɓa, shi ya sa za ka ga turakun lantarki da bangon gidaje suna lanƙwashewa kamar ana kallon su ta cikin ruwa mai motsi. Babu manhajar da ke gyara wannan sarai bayan an ɗauka. Maganinsa shi ne a hana girgizar isa ga kyamarar tun farko.

Kan keke, wato ƙarfen da ake riƙewa ana tuƙi, shi ne wurin da kowa ke fara tunani, kuma shi ne ya fi girgiza, domin duk abin da tayar gaba ta taka yana hawowa kai tsaye zuwa can. Duk da haka yana da amfani babba ga mai neman shaida, saboda kyamarar tana kallon gaba kullum kuma ba ta damun jiki. Idan a nan za ka ɗaure, ka sa mariƙin a tsakiya, dab da inda kan keken ya haɗu da wuyansa, ba can gefe kusa da inda hannu ke riƙewa ba, domin gefen ya fi lilo. Ka rage gaɓoɓin mariƙin iya yadda za ka iya: kowace gaɓa da aka ƙara, da kowane tsawo da aka ba hannun mariƙi, ƙarin karkarwa ne. Mariƙin ƙarfe mai gaɓa ɗaya ya fi na roba mai gaɓa uku nesa ba kusa ba, kuma yawancin mariƙan da ke zuwa a cikin kwalin kyamara mai araha na roba ne, don haka idan akwai abu guda da ya cancanci a saya daban, to shi ne wannan. Ka auna kaurin ƙarfen kafin ka saya, saboda tsakiyar kan kekunan zamani yawanci milimita 31.8 ne, na tsofaffin kuma sau da yawa 25.4. Idan mariƙin ya yi sako-sako, ka yanko ƙyallen tsohon tib ɗin taya ka naɗa sau ɗaya a ƙarƙashinsa. Zai hana shi zamewa kuma ba zai kankare fenti ba. Kada ka tara roba mai kauri da niyyar ta shanye girgiza, domin abin da ke faruwa shi ne kyamarar ta samu wurin yin lilo. Mutane da yawa sun fi son rataye kyamarar a ƙarƙashin kan keke maimakon samansa, ta yadda ba za ta tare fitila ba, sai su juya hoton a cikin saiti. Ko ta ina ka sa ta, ka juya kan keken dama da hagu har ƙarshe, ka matsa birki, ka tabbatar ba ta taɓa wayar birki ko ta giya.

Ƙirji ne wurin da na fi yaba wa ga mai son bidiyo mai daɗin kallo. Hannuwa da ƙafafu da bayan mahayi suna shanye yawancin jijjigar kafin ta iso, sannan hoton yana nuna hannuwa da kan keke a ƙasa, abin da ke sa mai kallo ya ji saurin tafiyar da gangaren hanya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a saita kyamarar a tsaye a ɗaki, a manta cewa da zarar an hau keke jiki zai sunkuya gaba, sai a dawo gida a tarar da bidiyon tayar gaba da gwiwoyi kawai. Ka hau keken ka zauna yadda kake tuƙi, sannan ka ɗaga bakin kyamarar sama har hanya ta bayyana zuwa nesa, kan keken kuma ya tsaya a gindin hoton. Sau da yawa sai an kifa kyamarar kanta ƙasa kafin mariƙin ya ba da damar ɗaga ta yadda ake so. Ɗamarar kuma a ɗaure ta tamau, gwargwadon yadda numfashi ba zai takura ba.

Hular kwano tana da fa'idar da sauran ba su da ita: duk inda ka waiga, kyamara ta waiga, saboda haka tana kama motar da ta fito daga gefe. Amma wannan fa'idar ita ce kuma aibinta, domin mai keke yana yawan waige, kuma mai kallo yakan ji jiri. Ga nauyi a wuya idan tafiya ta yi tsawo. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne lafiya. Ƙa'idojin gwajin hular keke, irin EN 1078 na Turai da na hukumar CPSC a Amurka, hular suke aunawa, ba hula da wani abu mai tauri da mai ita ya liƙa mata daga baya ba. Don haka kada ka taɓa huda hula ko ka ɗaura mata noti. Idan dole ne sai a kanta, ka yi amfani da mariƙin da zai ɓalle idan an faɗi, kuma idan mai gam ne ka goge wurin tas, ka liƙa, ka bar shi awa 24 kafin ka hau.

Saura baya. Mai neman shaida ya tuna cewa abin da ke zuwa daga bayansa shi ne wanda ba ya gani, kuma kyamarar da ke ƙarƙashin sirdi tana kama fuskar mota da lambarta tun kafin ta iso. A nan ne araha ke da rana, domin kyamara biyu masu sauƙin kuɗi, ɗaya gaba ɗaya baya, sun fi guda mai tsada amfani wajen shaida. Matsalar wurin ita ce ruwa da laka da tayar baya ke watsowa, don haka sai an riƙa goge gilashin.

Duk inda ka zaɓa, ka ƙara ɗan igiya mai ƙarfi daga kyamarar zuwa jikin keke ko ɗamara, gajere yadda idan mariƙi ya karye kyamarar ba za ta kai ga wayoyin taya ko tayar kanta ba. Haka kuma iskar taya tana da tasiri: tayar da aka cika ta yi tauri fiye da kima tana aika kowane tsakuwa zuwa ga kyamara, rage iskar kaɗan a cikin iyakar da aka rubuta a gefen tayar yana sassauta hoton.

Saiti

Da rana ka bar ta a 1080p da hotuna 60. Dalilin a lissafi yake. Idan kana tafiyar kilomita 20 a awa, mota kuma ta wuce ka tana 60, to tana yi maka nisa da kusan mita 11 a kowace daƙiƙa, kuma lambarta ba ta karantuwa sai tana kusa, wato abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Hotuna 60 suna ba ka ninkin damar samun guda mai kyau a cikin wannan ɗan lokaci idan aka kwatanta da 30, kuma motsi yana fitowa sumul. Da magariba ko dare kuwa sai a koma 30, domin kowane hoto ya samu lokacin tara haske. Gaskiyar magana ita ce da dare ƙaramin idon kyamara mai araha ba ya yin abin kirki: hoto yana cika da dusa-dusa, hasken fitila kuma yana wanke lambar mota ta zama fari fat. Saboda haka idan wani abu ya faru, ka karanta lambar da ƙarfi, da launin motar, domin muryarka ta shiga bidiyon.

Faɗin kallo ma abin lura ne. Kyamarorin nan sukan yi alfahari da digiri 170, amma faɗi mai yawa yana lanƙwasa gefen hoto, yana ƙanƙantar da abubuwa, har motar da ta kusa goge ka ta zama kamar ta ba ka wuri. Idan akwai matsakaicin faɗi a saiti, shi ya fi dacewa da kan keke da baya, mai faɗin kuma ya fi dacewa da ƙirji. Ka sani cewa tsarin rage girgiza yana yanke gefen hoton ne ya yi wasa da shi, don haka kunna shi kan rage faɗin da kansa, yana kuma ƙara cin batir, kuma a wasu kyamarorin ba ya aiki tare da kowane girman hoto. Ka gwada hanya ɗaya da shi a kunne da kuma a kashe, ka kwatanta, domin na wasu masu arahar yana sa hoto fizge-fizge a kwana.

Idan sararin sama ya cinye rabin hoton, kyamara za ta auna haskenta da shi, hanya ta yi duhu. Ka sunkuyar da ita har sama ta tsaya a kashi ɗaya cikin uku na hoton. Ka saita kwanan wata da lokaci daidai, ka sa su fito a jikin bidiyon idan shaida kake nema, kuma ka riƙa dubawa bayan sauya batir, saboda wasu kan manta lokacin da zarar an cire shi. Ka kashe Wi-Fi, ka sa allon ya riƙa mutuwa da kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi. Su biyun suna shan caji ba tare da sun ƙara wa bidiyo komai ba.

Sauti kuwa, iska ce ke cinye shi. Ɗan guntun soso da aka liƙa a bakin makirufo yana rage hucin sosai. Kwanson hana ruwa da ake sa kyamara a ciki yana toshe sautin kusan gaba ɗaya, yana riƙe zafi, kuma gilashinsa kan yi gumi daga ciki idan yanayi ya sauya, don haka a ajiye shi sai ranar ruwa, ranar da babu ruwa a yi amfani da buɗaɗɗen firam.

Kati da batir

Katin memori shi ne abin da aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi jawo baƙin ciki, domin ba a gane ya gaza sai an zo neman bidiyon. Ka nemi mai alamar U3 ko V30, wanda ke nufin yana iya rubuta aƙalla megabayit 30 a daƙiƙa ba tare da tsayawa ba. Idan za ka riƙa ɗauka a zagaye kullum, akwai katunan da aka yi musamman don yawan gogewa da sake rubutawa, irin waɗanda ake sa wa kyamarar mota, su ne suka fi daɗewa. Katunan jabu suna da yawa: za su nuna gigabayit 128 a kwamfuta alhali abin da ke ciki kaɗan ne, sai su riƙa lalata fayil a ɓoye. Manhajar H2testw a Windows, ko F3 a wasu kwamfutocin, tana cika katin ta karanta shi ta faɗa maka gaskiyar girmansa, kuma ya kamata a yi wannan gwajin ranar da aka saya. Ka duba iyakar girman katin da kyamararka ke karɓa, ka kuma yi masa fomatin, wato a goge shi a shirya shi don aiki, a cikin kyamarar kanta, ba a kwamfuta ba.

Game da wuri, kyamarar da ke rubuta megabit 30 a daƙiƙa (megabit 8 ne ke yin megabayit 1) tana cin kimanin gigabayit 13 da rabi a awa, wato katin 64 zai ɗauki awa huɗu da ɗoriya. Kada ka tsorata idan ka ga doguwar tafiya ta rabu gida-gida. Tsarin FAT32, ɗaya daga cikin hanyoyin adana fayil a kati, ba ya barin fayil ɗaya ya wuce gigabayit 4, kuma kyamarori da yawa suna yanka bidiyon da kansu. Idan kana ɗauka a zagaye, ka zaɓi gutsure na minti 3 ko 5, kuma ka riƙe wannan da kyau: bayan wani abu ya faru, ka tsaya ka kashe kyamarar ko ka kulle fayil ɗin, in ba haka ba za ta ci gaba da zagayenta har ta goge shaidar da ka saye ta dominta.

Batirin irin waɗannan kyamarori yakan kai awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sanyi mai tsanani kuma yana rage shi. Ga gajeriyar tafiya batir na biyu a aljihu ya isa. Ga doguwa sai a sa fawa bank a ƙaramar jaka a jikin keken, a ja gajeren kebul, a ɗaure shi a wurare biyu don kada nauyinsa da jijjiga su lalata bakin cajin kyamarar. Wannan tsarin ba na ranar ruwa ba ne, tun da bakin cajin a buɗe yake.

A kan hanya da bayan an dawo

Kafin babbar tafiya ka yi gwajin minti 10 a hanyar da ke da kwalta da gargada duka, ka dawo ka kalla a babban allo, domin ƙaramin allon kyamara yana ɓoye girgiza da dishi-dishi. Ka gyara abu ɗaya, ka sake fita, har sai ya zauna, sannan ka yi wa kusurwar mariƙin alama da biro mai kauri don kada ka riƙa nema kullum. Kowace fita ka goge gilashi, ka murɗa noti, ka kunna ɗauka kana tsaye, ka ga fitilarta tana ƙiftawa kafin ka taka feda. Daga nan ka manta da ita. Danna maɓalli ko leƙa allo ana cikin tafiya yana ɗauke hannu daga birki da ido daga hanya, kuma babu hoton da ya kai wannan kasadar. Kyamara ba ta hana mota buge mutum, don haka kada kasancewarta ya sa ka tsaya cacar baki da direba ko ka bi shi don ka kama lambarsa.

Da ka dawo ka kwashe fayilolin zuwa kwamfuta ko waya. Wanda ya shafi wani lamari a ajiye shi yadda ya fito, ba yanka ba gyara, tare da mintocin da suka gabace shi da waɗanda suka biyo baya, kuma a kai shi ga hukuma kafin a yi tunanin yaɗa shi a intanet. A wasu ƙasashe 'yan sanda suna da tsarin karɓar irin wannan bidiyo, kamar shirin Operation Snap da ya faro a arewacin Wales a 2016, kuma dokokin ɗaukar hoton mutane da wallafa shi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka binciki ta inda kake. Wuraren tsaro da barikokin soja a kashe kyamara kafin a iso su.

Na nishaɗi kuwa sai an tace shi, kuma manhajoji na kyauta irin Shotcut da Kdenlive da DaVinci Resolve sun wadatar. Tafiyar awa biyu da ƙyar take ba da minti huɗu ko biyar da wani zai zauna ya kalla, don haka ka zaɓi gangara da kwana da wuraren da yanayin ƙasa ya sauya, ka zubar da doguwar miƙaƙƙiyar hanya. Kafin ka wallafa ka dusashe fuskokin mutanen da suka fito kusa, musamman yara, da lambobin motocin da ba su yi komai ba, sannan ka yanke farkon bidiyon da ƙarshensa yadda ba za a gane ƙofar gidanka ko inda kake ajiye keken ba.